Gindin Katanga da Dasashin Mai Ciki

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san katanga daga gindi take fara mutuwa. Ruwan indararo ya daki ƙasa ya fantsamo mata, na kwata ya kwanta a jikinta ya ƙi wucewa, awaki su zo su yi susa su lashe gishirin da ya feso. Damina ɗaya, damina biyu, sai gindin ya zaizaye ya yi kogo, alhali saman yana nan tsaf da zanensa, har baƙo ya wuce yana yaba wa magini. Masu gidan kuwa safe da yamma ta gabanta suke wucewa, ido ya saba. Sai daren da marka ta ƙi ɗaukewa a ji rugum, a fito ana salati.

Haka haƙori yake zaune a baki. Farin nan da ake gogewa don murmushi shi ne saman katangar. Abin da ke riƙe da shi yana ƙasa inda ido ba ya kaiwa: dasashi, da wasu siraran zaruruwa da suka ɗaure saiwar haƙori, da ƙashin muƙamuƙin da saiwar ta nutse a ciki. Can ciwon dasashi yake ɓarnarsa, kuma muguntarsa ita ce ba ya zafi. Kogon haƙori yakan hana mutum barci har ya buga ƙofar mai kemis da tsakar dare. Dasashi kuwa sai ɗan jini a bakin asuwaki, ɗan ja a jikin raken da aka gatsa, da warin bakin da ba mai iya faɗa maka saboda kara.

Mafarinsa wani farin datti ne mai yauƙi da ke taruwa daidai inda haƙori ya haɗu da dasashi. Mutane na ɗaukarsa ragowar abinci, amma yawancinsa ƙwayoyin cuta ne da suka manne suna hayayyafa. In ya kwana biyu ba a taɓa shi ba, dasashi ya kumbura, ya yi jajir, ya riƙa tsiyayar jini da an ɗan goge shi. A nan gyara bai da wuya, gogewa mai kyau kawai takan mayar da shi yadda yake. In aka ƙyale, sai dattin ya daskare ya zama tsatsa mai tauri wadda buroshi da asuwaki ba sa kankarewa, dasashi ya saki haƙori, rami ya buɗe a tsakaninsu. A lafiyayyen baki zurfin wannan wuri bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba. Idan likita ya zura ɗan ƙarfen awonsa ya ga ya nutse milimita 5 ko 6, to ƙashi ya fara cinyewa, kuma wanda ya tafi ba ya dawowa da kansa. A rahotonta na 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 19 cikin 100 na manyan mutanen duniya, sama da biliyan ɗaya ke nan, suna ɗauke da wannan ciwo a matakinsa mai tsanani.

To ciki shi ne daminar. Da mace ta samu juna biyu, sinadaran furojestaron da istirojin sukan hau sosai a jininta. Su ke riƙe cikin, amma aikinsu bai tsaya a mahaifa ba. Ƙananan jijiyoyin jinin dasashi sukan buɗe su yi laushi, garkuwar jiki ta sauya salon faɗanta, sai dattin da a da dasashi ke haƙuri da shi yanzu ya sa shi kumburi. Tun 1963 wasu likitocin haƙori biyu a Norwe, Harald Löe da John Silness, suka bi bakunan masu ciki suka rubuta yadda abin ke tafiya: yana soma bayyana wajen wata na biyu, ya yi ta hawa har wata na takwas, ya lafa bayan haihuwa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce tsakanin kashi 60 da 75 cikin 100 na masu ciki suna samun wannan kumburi. Ga kuma laulayi: amai yana zubo tsamin ciki a kan haƙora, ƙamshin makilin yana tayar da zuciya, buroshi na kaiwa ga turame sai yunƙurin amai, ga kwaɗayin kayan zaƙi, ga kasala. Wasu ma har wani jan tsiro mai saurin jini yakan fito musu tsakanin haƙora biyu, ya tsorata gida gaba ɗaya a ɗauka daji ne, alhali yawanci yakan motse da kansa in an sauka.

Sai dai ruwan sama ba ya kayar da katangar da gindinta ke da ƙwari. Macen da ta shiga ciki da tsabtataccen dasashi, ɗan abin da za ta gani kaɗan ne. Wadda ta shigo da ramuka tun da can, ita damina ke samu.

A gidajenmu an riga an yanke wa abin hukunci. Yarinya ta tofar da yawu da safe ta ga jini, ta ce, "Inna, dasashina fa jini yake yi." Uwar miji ko ta ɗaga kai daga tsintar shinkafa ba za ta yi ba: "Ai ciki ne, 'yar nan. Mu ma duk mun yi. Kina sauka zai bari." Rabin maganarta gaskiya ne, shi ya sa take da wuyar turewa. Kumburin da ciki ya ƙara zai sauka. Ƙashin da ya cinye a wata taran nan kuwa ya tafi, ciki na gaba daga nan zai ɗora. Akwai kuma masu cewa ɗan da ke ciki ne yake tsotse ƙarfin haƙoran uwarsa. Jariri na buƙatar kalsiyam, amma daga abincin uwa yake samu, in ya gaza jiki ya ranto daga ƙashinta. Ba a zarar kalsiyam daga haƙorin da ya riga ya tsiro. Matar da ta haifi takwas ta wayi gari da giɓi uku, ba 'ya'yanta suka cinye su ba, damina takwas ce ta wuce ba a yi yaɓe ba.

Da a ce asarar a baki ta tsaya, da sai a ce haƙori ne, ana rayuwa da giɓi. Abin da ya ɗaga hankalin likitoci shi ne zargin cewa ɓarnar tana kaiwa ga ɗan da ke ciki.

Duk jaririn da ya zo kafin ciki ya cika mako 37, a lissafin asibiti bakwaini ne. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta suka fitar ya nuna an haifi irinsu kimanin miliyan 13.4 a 2020, wato ɗaya cikin kowace haihuwa goma. Nijeriya ce ta uku a yawa, bayan Indiya da Pakistan, da jarirai sama da 770,000. Matsalolin da ke biyo bayan haihuwar bakwaini su ne kan gaba wajen kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar a duniya. Wanda ya taɓa leƙa ɗakin jarirai ya ga ɗan mutum a cikin kwalba, ƙirjinsa na lotsawa da kowane numfashi, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Sanannun dalilai suna nan: zazzaɓin cizon sauro, hawan jinin masu ciki, ciwon sanyi da na mafitsara, ciwon suga, tagwaye, ƙarancin shekaru, kwanika. Amma da yawa naƙuda kawai take tasowa, a bincika a rasa dalili. A wannan sarari ne aka fara waiwayar baki.

Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Cikin ramin dasashin nan ɗanyen gyambo ne a buɗe, ƙwayoyin cuta na kwance a kansa dare da rana. Tauna kawai ko goge baki takan tura wasunsu cikin jini. A mafi yawan lokuta jiki na share su cikin mintoci, amma wasu sun iya laɓewa. Wata masaniya mai suna Yiping Han, lokacin tana Jami'ar Case Western a Amurka, ta nuna cewa in aka sa wa ɓeraye masu ciki wata ƙwayar cutar baki mai suna Fusobacterium nucleatum a jini, mabiyiya take nufa ta zauna. A 2010 ita da abokan aikinta suka ba da rahoton wata mata 'yar shekara 35 wadda dasashinta ya yi ta jini a lokacin ciki, ta yi mura da zazzaɓi gab da haihuwa, ɗan ya rasu a ciki bayan watanni sun cika. Aka sami wannan ƙwaya a mabiyiya da huhun jaririn da cikinsa. Da aka bi sawu, ba a same ta a al'aurar uwar ba, sai a ƙarƙashin dasashinta. Mace ɗaya ce, ba a gina hukunci a kan mutum ɗaya, amma ta nuna cewa hanyar a buɗe take.

Hanya ta biyu ba ta ma buƙatar ƙwayar cutar ta yi tafiya. Duk inda jiki ke fama da kumburi yakan saki sinadaran faɗa, cikinsu har da furostagilandin. Wannan kuwa shi ne sinadarin da ke tausasa bakin mahaifa ya sa ta fara murɗawa idan lokacin naƙuda ya yi. Danginsa ne ƙwayar misofurostol da ake ba mace a asibiti don a tayar mata da naƙuda. Tunanin masana shi ne, dasashin da ya shafe watanni yana kumbure zai iya riƙa aika wa mahaifa saƙon da ba a so ta ji sai a wata na tara.

Wanda ya fito da maganar fili shi ne Steven Offenbacher na Jami'ar Arewacin Karolina. A 1996 ya duba bakunan mata 124, ya tarar cewa masu ciwon dasashi mai tsanani haɗarinsu na haihuwar bakwaini marar nauyi ya haura ninki bakwai. Duniyar likitoci ta ɗauka. Wasu bincike suka biyo baya a ƙasashe da dama, da yawansu suka ga alaƙar, ko da yake ba ta kai girman ta farko ba. A 2002 kuma aka yi gwaji a Santiyago ta ƙasar Cile da mata 400: aka wanke wa rabi dasashi kafin mako na 28, rabi aka bari sai bayan haihuwa. Cikin waɗanda aka yi wa, ƙasa da kashi 2 cikin 100 ne suka haifi bakwaini ko marar nauyi, ɗaya ɓangaren kuwa kashi 10. Aka ce shi ke nan, an gano bakin zaren.

Sai manyan gwaje-gwaje suka zo suka kwance lissafin. A 2006 Bryan Michalowicz da tawagarsa suka wallafa sakamakon mata 823 a cibiyoyi huɗu na Amurka. An yi wa rabi wankin dasashi kafin mako na 21. Dasashinsu ya gyaru, ba abin da ya sami uwa ko ɗa, amma haihuwar bakwaini ta tashi kashi 12 a wajensu, kashi 12.8 a wajen waɗanda ba a taɓa ba. Offenbacher da kansa ya jagoranci wanda ya fi wannan girma, mata wajen 1,800, aka fitar a 2009: kashi 13.1 ga waɗanda aka yi wa magani, 11.5 ga sauran. A shekarar dai wani gwajin a birnin Fat na Ostireliya, da mata sama da 1,000, ya ba da amsa iri ɗaya. Offenbacher, mutumin da ya kafa magana, ya dawo ya auna ta da ma'aunin da zai iya karya ta, ya kuma faɗi abin da ya gani, ya cancanci a jinjina masa. Da ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 15 masu mata sama da 7,000 a 2017, ta ce hujjar da ke hannu ba ta nuna wankin dasashi a lokacin ciki yana rage haihuwar bakwaini ba, sai dai wata alama mai rauni cewa yana iya rage haihuwar marasa nauyi.

Fassara biyu ake yi wa wannan, kuma duk a jikin katanga ana iya ganinsu. Ta farko: je ka unguwar da katangu suka fi zubewa da damina, za ka tarar nan yara suka fi kwanciya da zazzaɓi. Wanda ya zo da takarda da biro zai rubuta cewa faɗuwar katanga na tafiya tare da zazzaɓi, kuma bai yi ƙarya ba. Amma ka tayar da katangun duka, zazzaɓi na nan, domin kwantaccen ruwa ne ya haifi duka biyun. Macen da ba ta da halin ganin likitan haƙori, sau da yawa ita ce ba ta samun abinci mai gina jiki, ita ke makara zuwa awo, ita ke kwana ba gidan sauro, ita ke fama da sugan da ba a gano ba. Talauci na cin dasashi, yana kuma cin ciki.

Ta biyu: ba a yaɓe cikin marka. Magini na gari da bazara yake kwaɓa ƙasarsa, ya cike gindin katanga, ya shafe da makuba, rana ta busar kafin hadarin farko. Wanda ya bari sai Agusta, ya yaɓa yau ruwa ya wanke gobe, danshi kuma ya riga ya ratsa har ɗaki. Duk manyan gwaje-gwajen nan a tsakiyar ciki aka yi maganin, wata na huɗu ko na biyar, bayan mabiyiya ta gama kafuwa, kuma a wasunsu wanki ɗaya aka yi, ciwon ya ci gaba a bakunan mata da dama. In ƙwayar cuta ko kumburi sun yi ɓarnarsu a makonnin farko, gyaran wata na biyar ya makara.

Ni dai a ganina kowace na da rabonta, kuma wanda ya ce wa mai ciki wankin haƙori zai hana ta haihuwar bakwaini ya yi mata alƙawarin da ba shi da ikon cikawa. Amma ban yarda a rufe littafin a kan fassara ta farko ba, saboda abin da ya fito daga Malawi. Ƙasa ce da ƙiyasin 2010 ya sa a kan gaba a duniya, da bakwaini 18 cikin kowace haihuwa 100. Masu bincike daga Kwalejin Likitanci ta Baylor, ƙarƙashin Kjersti Aagaard, tare da abokan aikinsu na Malawi, suka ɗauki mata 10,069 a cibiyoyin lafiya takwas na yankin Lilongwe, wasu kafin su sami ciki, wasu kafin cikin ya kai mako 20. Duka an koya musu kula da baki. A cibiyoyi huɗu aka ƙara musu da cingam mai zailitol, wani abin zaƙi da ƙwayoyin cutar baki ba sa iya ci su hayayyafa, su tauna sau biyu a rana. Sakamakon da aka bayyana a 2022: bakwaini kashi 12.6 a wajen masu cingam, 16.5 a wajen sauran. Cibiyoyi aka raba, ba mata ɗaiɗai ba, kuma takwas ba su da yawa, don haka sai an maimaita kafin a kafa doka. Abin lura dai shi ne an fara da wuri, kuma kullum ake yi. Kada wata ta ji wannan ta aika yaro teburin mai alawa, cingam ɗin da ke can yawancinsa sukari ne zalla.

In haka ne, tambayar da ta shafe mu ita ce yaushe bazarar mace take. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mace a Arewa maso Yammacin Nijeriya takan haifi 'ya'ya 6.6 a matsakaici. Daga ciki sai jego, daga jego sai goyo, kafin yaye wani cikin ya shiga. Ranin gajere ne ƙwarai, kuma mai cikin fari kunya ma ba ta barinta ta faɗa sai ya fito, ta je awo damina ta riga ta yi nisa. Lokaci biyu nake gani a sarari. Na farko kafin aure. Amarya takan shafe makonni ana gyaranta, dilka, lalle, turaren wuta, kitso, ga gwajin jini wanda Kano ta mayar doka a 2024, amma ba mai cewa ta buɗe baki a duba. Kuɗin wankin haƙori bai kai na atamfa ɗaya mai kyau a cikin lefe ba. Na biyu bayan arba'in, lokacin da take zirga-zirgar kai jariri rigakafi.

Wadda kuma ciki ya riga ya samu da dasashi mai jini, ba a cewa ta naɗe hannu ta jira rani. Katangar da ke zubewa cikin marka ana tokare ta, a buɗe wa ruwa hanya. Gwaje-gwajen nan da suka kasa rage bakwaini sun tabbatar da wani abu mai amfani: wankin dasashi a lokacin ciki ba ya cutar da uwa ko ɗa, kuma yana gyara bakin. Ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta faɗa a 2013 cewa wanki, cike kogo, cire haƙori, allurar kashe zafi da hoton haƙori duk ana iya yinsu da ciki. Tsoron da ake yi cewa wankin asibiti na sa haƙora girgiɗi ko ya buɗe tsakaninsu, tsatsar da aka kankare ce ta tona kogon da dama yana nan a ɓoye.

Abin tsoro na gaskiya yana kemis. Kafson tetirasaikilin mai ja da rawaya, da ake saya ba takardar likita, yana ɓata launin haƙoran ɗan da ke ciki tun kafin su fito. Ibufurofen da dikulofenak, da ake sha don zugin haƙori, an gargaɗi masu ciki su guje su daga mako na 20, domin suna iya taɓa ƙodar jariri su rage ruwan da yake kwance a ciki. Ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi kuwa ƙone naman take yi.

Sauran aikin na hannu ne. Buroshi mai laushi da makilin mai fulorayid, safe da kuma kafin barci, na daren ya fi muhimmanci. Asuwaki ma na aiki, na darbejiya ne ko na marke ko wanda alhazai ke kawowa, in an tauna bakinsa ya yi laushi aka kuma bi layin da haƙori ya haɗu da dasashi, ciki da waje, har turame. Yawancinmu gaban haƙora huɗu muke ta dirza mu bar inda ciwon yake. In jini ya fito, mutane sukan kauce wa wurin, alhali nan ne ya fi buƙatar gogewa. A ci gaba a hankali, cikin mako ɗaya ko biyu jinin yakan ragu, in bai ragu ba sai asibiti. Bayan amai kada a goge nan take, tsamin ya tausasa ɓawon haƙori. A kuskure da ruwa, ko ruwa kofi ɗaya da ƙaramin cokali na bekin soda, a jira kamar rabin awa.

A wurin awo ana ɗora mace a sikeli, a auna jini, a duba fitsari, a ba ta fansida da maganin ƙarin jini, a saurari bugun zuciyar ɗa. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa ganin mai ciki sau takwas kafin ta haihu. A kowane zuwa malamar awo takan ja fatar idonta ƙasa ta ga ko jini ya yi ƙaranci. Da wannan hannun, cikin daƙiƙa biyar, za ta iya cewa, "Hajiya, ɗan ja leɓenki in gani. Yana jini in kin yi asuwaki?" In ya yi ja ya kumbura, ta rubuta a katin ta tura ta sashen haƙori tun cikin bai tsufa ba.